Noti Ɗaya a Hanyar Dogon Dutsi

Kwana tara na yi a Kwatano, inda ake sauke motocin Turai, kafin in sayi motar, kuma a cikin kwanakin nan ban gaya wa kowa sunan garinmu ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce daga Sakkwato nake.

Ya kamata in faɗi abin da ya kai ni. Gidanmu yana Kurya Madaro, a ƙasar Ƙaura Namoda. Kakanninmu Fulani ne da suka zauna suka haɗa noma da kiwo. Mu da muka taso Hausa ta fi zama a bakinmu, Fulatanci sai in za mu yi magana da tsofaffi. Sau biyu ɓarayin daji suna kore mana shanu. Bayan na biyun, Baffa Mande, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya tara mu ya ce waɗanda suka rage ba za su jira zuwa na uku ba. Aka kai su kasuwar Shinkafi aka sayar. Shawarar da aka yanke ita ce a sayi mota, ƙanena ya riƙa jigila tsakanin Ƙaura da Gusau, gida ya ci daga nan. Ni aka zaɓa in je in sayo, saboda na yi shekaru ina fassara labarai a wani gidan rediyo kafin a rage ma'aikata, ana ganin na san takarda, kuma na iya tuƙi. Don haka duk inda na ce mota a wannan labari, garken gidanmu nake nufi. Babu wani a bayansa.

Akwai wata ɗabi'a da muka koya a shekarun nan, wadda in ban bayyana ta ba ba za a gane abin da na yi ba. A yankinmu mutum ba ya faɗin ranar tafiyarsa, ba ya faɗin hanyar da zai bi. In za ka Zurmi sai ka ce Shinkafi za ka. Wanda ya tambaye ka sau biyu ina za ka, sai ka riƙe fuskarsa. Mun san mutanen da aka tare a hanya aka kira su da sunansu, aka gaya musu abin da suka sayar a kasuwa ranar. Ba ma kiran wannan ɗabi'a tsoro, hankali muke ce mata. Da ita na shiga ƙasar mutane.

Dillalin da ya samo mini motar sunansa Idirisa, Bazabarme ne daga Doso, mai yawan dariya. Shi ya ba ni wurin kwana a bayan shagonsa a unguwar Zango, shi ya nuna mini inda ake sayar da tuwon da Bahaushe zai iya ci, domin abincin garin manja da barkono sun yi masa yawa a bakina. Duk alherin da ya yi mini sai in koma gefe ina tunanin abin da yake nema a wurina. Motar 'yar Beljiyam ce, ruwan toka, mai dogon baya, da wili na alminiyon. Idirisa ya ce birkinta ya ci, ya sa bakanikensa ya canja mata ranar da nake wurin takardu. Takardun wucewa da motar ta wata ƙasa kuwa wani mutum daban na ba ya yi mini su, don kada mutum ɗaya ya san komai nawa.

Da safen da zan tashi, Idirisa ya dafa ƙofar motar.

“Malam Lawali, wace hanya za ka bi?”

“Ta Nikki. In tsallaka a Cikanda, in bi ta Kwantagora.”

“Hanyar nan ba ta da kyau fa. To, ba ni lambarka ta nan, ko wani abu zai taso.”

Na karanta masa lambar layin da na saya a garin, na juya lambobi biyu na ƙarshe. Ya rubuta, ya yi mini addu'a, na tafi. Ba Nikki zan bi ba. Takarduna na Nijar ne, ta Malanbil da Gaya har Maraɗi.

A Kandi, washegari da hantsi, na lura tayar baya ta hagu tana sauka a hankali. Mai facin da na samu a bakin titi ya zuba ruwan sabulu ya gano ƙusa, ya cire ta ya toshe ramin ba tare da ya kwance tayar ba. Da ya gama sai ya ƙwanƙwasa ɗaya daga cikin notukan da yatsa, ya yi magana da Faransanci, ya ga ban gane ba, ya koma 'yar Hausar da yake da ita.

“Wannan makulli. Ina ɗansa?”

Na durƙusa na duba. Notuka biyar ne a wilin. Huɗu irin waɗanda na sani ne, masu kusurwa shida, waɗanda wilsifana ke kamawa. Na biyar ɗin kewayayye ne, sumul, ba inda sifana za ta riƙe, sai wani zane da aka sassaƙa a fuskarsa kamar fure. Kowane wili da irinsa guda ɗaya. Daga baya na fahimci Turawa ne ke sa shi don kada a sace musu taya: yana da ɗan kai nasa na musamman mai irin zanen, in babu shi ba ya kwancewa.

“Yana nan,” na ce da mai facin.

Ban so in buɗe but ɗin motar a gaban mutane ba. Sai da na fita gari na tsaya a gindin wata bishiya na zazzage motar. Na duba aljihun gaba, ƙarƙashin kujeru, cikin ramin safaya, cikin jakar jak. Babu. Lambar Idirisa tana cikin wayata, ta gaskiya, wadda shi ya ba ni. Na ɗauko wayar na mayar. Abin da ya zo mini shi ne da gangan ya riƙe ɗan kan, don in kira shi in faɗi inda nake. Na ce a raina tayoyin nan huɗu suna da sauran rai, za su kai ni gida.

A Gaya na fara jin Hausa ta ko'ina, sai kewar gida ta taso mini fiye da yadda ta yi a Kwatano. Wata tsohuwa mai fura a bakin tashar ta ga na sha na ajiye ƙwaryar ban shanye ba, ta ce ko tsami ya yi yawa. Na ce a'a. Ta ƙara mini nono. Nonon bai kai na gidanmu ba, sai kuma na tuna gidanmu yanzu ba a tatsa.

Daga Gaya ba a barin motar wucewa ta tafi ita kaɗai. Ana haɗa mu ayari, jami'i ya raka mu, kuma takardar tana da wa'adi: dole a gabatar da mota a Maraɗi kafin ya cika. Tamu ta ce ranar Alhamis kafin a tashi daga aiki. Ranar Laraba da safe muka tashi.

Mun wuce Doso, saura kaɗan mu shiga Dogon Dutsi, wajen azahar, motar gabana ta kauce wa wani rami ni ban gan shi da wuri ba. Tayar gaba ta dama ta daki bakinsa. Da na sauka sai na ga gefenta ya tsage kamar tsawon tafin hannu. Wannan ba aikin toshewa ba ne, sai an cire. Ayarin ya wuce. Jami'in rakiya ya tsaya ya leƙo, ya ga ina da safaya, ya ce in canja in biyo su. Na nuna masa notin. Ya ɗaga kafaɗa.

“Gobe kafin a rufe ofis ka kasance a Maraɗi. In wa'adi ya wuce, motar ta fita hannunka. Ba ni na rubuta dokar ba.”

Na sa jak, na kwance huɗun, suka fito ba gardama. Na biyar na gwada shi da wilsifana, ta zame. Na gwada filaya, ta zame. A nan na gano cewa a jikinsa akwai wani zobe da ke juyawa shi kaɗai, ko ka riƙe shi zoben ne zai yi ta zagayawa, notin yana zaune.

Ina cikin haka wasu mutum biyu suka tsaya a kan babur. Na gaba dogo ne, da baƙin tabarau, shi ne mai magana. Na bayan kuwa motar kawai yake zagayawa yana leƙa gilashi.

“Alhaji, sannu. Ƙaramin abu ne wannan, kullum muna cire irinsa.”

Ya fito da guduma da kurfi, ƙarfen nan na sara ƙarfe, daga ƙarƙashin kujerar babur. Na yi mamakin mutumin da ke yawo da kurfi a wannan wuri, amma ba ni da zaɓi. Ya ɗora kurfin a fuskar notin, ba a gefensa ba, ya yi ta duka. Kafin in ce ya tsaya, zanen furen ya baje, ya zama kamar an tauna shi. Ya miƙe ya share goshi.

“Kai, Alhaji, wannan na Jamus ne. Sai Yamai.”

“Yanzu ka ce ƙaramin abu ne.”

“Na ɗauka na Faransa ne. Ga shawara. Muna da gareji a ciki. Mu jawo ta can, kai ka hau motar haya ka je Yamai ka samo abin kwancewa, ka dawo ka iske ta lafiya. Takardun suna cikin motar ko suna jikinka?”

Na ce na gode, 'yan'uwana suna tafe a baya. Ya dubi titin, babu kowa, ya yi murmushi.

“Nan wurin ba a barin mota in rana ta faɗi. Bari mu je mu zo da motar ja, ka yi tunani kafin nan.”

Da suka ɓace na kira Idirisa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

“Malam Lawali, ai kai nake ta nema. Lambar da ka ba ni wata mata ce ke ɗauka, har ta fara zagina. Ɗan kan notinka bakanike ya manta da shi a aljihunsa ranar da ya yi birki. Kana fita da awa biyu ya kawo mini.”

“Yana ina yanzu?”

“Na ba wani direba mai zuwa Cikanda. Ya ajiye maka wurin mai shayin da ke bakin shinge, Bazabarme ne, ɗan garinmu. Ka wuce nan ko ba ka kai ba?”

Tsakanina da Cikanda akwai ƙasa guda da kogi.

“Malam Lawali, kana ina?”

“Kusa da Dogon Dutsi.”

Ya yi dariya, ba irin wadda na saba ji ba.

“Dogon Dutsi. To, Allah ya kiyaye hanya. Da ka faɗa, da ɗan'uwana ya kai maka shi har Gaya.”

Ko a lokacin sai da wani sashe na zuciyata ya ce ina shaidar cewa ya aika. Amma ko ya aika ko bai aika ba, ko da a ce ɗan kan yana hannuna a wannan sa'a, ba zai yi amfani ba. Mai tabarau ya riga ya kashe zanen da zai shiga.

Wani mai amalanken jaki da ya zo wucewa ya ce akwai mai walda a ƙauyen da ke gaba, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙafa. Ya ce in hau ya kai ni. Ban yarda in bar motar ba. Na mayar da notuka huɗun, na sauke jak, na sa giya ta ɗaya, na bi gefen titi inda yashi yake, a kan tayar da ba iska, ina tafiya kamar mai bin gawa. Jakin ya riga ni isa.

Mai waldar tsoho ne, gajere, kakkaura, da tsaga biyu daga gefen baki har kunne, irin ta Arawa. Ana ce masa Baba Tankari. Amalanke yake haɗawa, farfajiyarsa cike take da tsofaffin ƙafafun mota da guntayen ƙarfe, an zagaye ta da katangar laka. Ya durƙusa gaban wilin ya daɗe yana kallo.

“Wa yay yi ma wanga aiki? Mahauci?”

Na kwatanta masa mutanen. Bai nuna ya san su ba, bai kuma nuna bai san su ba.

“Kuma kai ka kwance huɗun ka bar shi shi kaɗai ɗauke da mota, ko?”

“Haka na yi, Baba.”

“Shi ya sa ya ƙara cijewa. Ana iya fidda shi. Amma ba yau ba. Injin wutana yana wurin masu niƙa, nasu ya mutu, sai da safe za su maido. Shigo da ita ciki.”

Na dubi ƙofar farfajiyar. Ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe, da sarƙa. Na ga yadda abin zai kasance: na titi su lalata noti, mai amalanke ya nuna hanya, tsoho ya rufe ƙofa. Na ce zan bar ta a waje.

“Motarka ce,” in ji shi, ya koma kan aikinsa.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Baffa Mande ne. Shi ba ya yi mini Hausa in hankalinsa a tashe yake. Na matsa bayan motar na rage murya, na amsa masa da Fulatanci, na ce lafiya lau, ina hanya, taya ce kawai. Da na kashe na juyo, tsohon yana tsaye a bayana da guduma a hannu.

“Ashe Bafillace na.”

A shekarun nan, Bafillace daga Zamfara da mota ba tare da ayari ba, a ƙasar da ba tasa ba, kalma ɗaya ta ishe shi kwana a hannun jandarma. Tun Kwatano abin da na fi ɓoyewa ke nan.

“Daga Sakkwato nake, Baba.”

“Ko daga Makka kake. Na ji ka da kunnena. Kai, ku zo ku gani, Allah ya kawo mini bawana har gida. Shi ya sa. Ina ta mamakin wane irin mutum ne zai sayi mota da makulli ya baro ɗan makullin. Bafillace ne. Ya ɗauka saniya ce, a kama ƙafa a ɗaure.”

Maƙwabtansa biyu da ke zaune a kan benci suka fashe da dariya. Sai a sannan na tuna. Kakata takan ce Ba'are abokin wasanmu ne, in ya gan ka sai ya zage ka, kai ma ka rama, kuma ba ya cutar ka, ba ka cutar shi. Ni a garinmu ban taɓa zama da Ba'are ba, kuma an daɗe rabon da wani ya kira ni Bafillace yana dariya.

“Ka yi shiru,” in ji shi. “Ko bakin ma an sa mishi makulli?”

Na ce, “Ina jira ne in ga ko Ba'are ya iya wani abu ban da cin tuwo.”

“Yawwa. Yanzu ka yi magana. Shigo da akwalar taka ciki kafin in canja ra'ayi.”

Na shigar da ita. Ba don na gama yarda ba. Na auna ne na ga in ma da haɗin baki, waje da ciki duk ɗaya ne.

Gab da magariba mai tabarau ya iso da wata tsohuwar a-kori-kura da igiya. Ya tsaya a ƙofa ya gaishe da tsohon da ladabi, ya ce baƙonsu ne ya zo ɗauka, sun riga sun yi magana.

“Wane baƙo?” in ji Baba Tankari, bai ko tashi daga kan turmin da yake zaune ba. “Nan ba baƙo. Bawana ne, na gāda tun kakanni. In kana son shi sai ka kawo shanu.”

“Baba, aikinmu ne muka fara.”

“Na ga aikin. In ubanka ya ga abin da ka yi da kurfi sai ya yi kuka. Gaishe shi.”

Ya juya ya tafi. Na lura ya san uban mutumin, na riƙe wannan ma. An kawo mini tuwon gero da miyar kuka daga cikin gida, na ci, na kwana a cikin motar da makullinta a aljihuna.

Injin bai dawo ba sai wajen ƙarfe takwas, kuma kowane minti ina lissafin nisan Maraɗi. Tsohon bai yi sauri ba. Da farko ya sa ni na ɗaure notuka huɗun tamau, har na hau kan wilsifana da ƙafa, don su karɓe nauyin daga kan na biyar. Ya ce in cire wayar batir, kada wutar walda ta ƙone kayan lantarkin motar. Ya ɗauki kurfi siriri ya sa a bakin zoben nan mai juyawa, duka uku zoben ya tsage ya faɗo. Sannan ya aika aka kwaɓo laka, irin ta gini, ya shafe wilin da ita kewaye da notin, kauri kamar yatsa biyu, ya bar kan notin kaɗai a buɗe.

“Alminiyon ba ya son wuta,” ya ce. “Kamar Bafillace da aiki.”

Ya tono wani ƙaton noti mai kusurwa shida daga cikin tarkacensa, ya ɗora shi a kan lalataccen, ya cika ramin tsakiyarsa da walda har suka zama abu ɗaya. Lakar ta yi ta hayaƙi tana tsagewa. Ya ce a jira. Na ce lokaci yana tafiya. Ya ce zafin ne ke aikin, sai ya shiga ya fita tukuna.

Da ya huce ya sa babbar sifana, ya zura mata dogon bututun ƙarfe, ya ce in danna a hankali, kada in fizga. Na danna. Wani abu ya yi ƙara, bututun ya tafi da ni har ƙasa. Sabon notin ne ya ɓalle, tsohon yana nan inda yake.

Na duba agogo, tara da kwata.

“Kak ka dube ni haka,” in ji shi. “Fuskar tana da santsi, waldar ba ta kama ba. Laifina ne.”

Wannan ne karo na farko tun da na bar gida da wani ya ce mini laifinsa ne. Ya goge fuskar notin da dutsen wuta har farin ƙarfen ya fito, ya sake shafa laka, ya sake ɗorawa, wannan karon ya daɗe yana zuba wuta. Muka sake jira. Ya karɓi bututun da kansa, ya ɗora ƙirjinsa a kai, ya saki nauyinsa kaɗan kaɗan. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Bututun ya sauka a hankali. Ya juya shi da hannu sau biyu, notin ya fito, sandar da yake ɗaure a kai ba ta ji ciwo ba.

Na sa safaya, ina shirin tafiya, ya tare ni.

“Saura uku. In wata tayar ta fashe a gaba, wa za ka samu? Ba kowane gari ke da Ba'are ba.”

Su ukun fuskarsu lafiya take, ba su bukaci wuta ba. Ya fasa zobensu, ya ɗauko wani tsohon soket da ya ɗan fi su ƙanƙanta, ya buga shi da guduma har ya cije, ya murɗa. Kowanne bai wuce minti biyar ba. A tarkacensa notuka biyu kawai ya samu masu irin zaren, don haka ƙafafun baya suka tafi da hurhuɗu. Ya ce za su kai ni, in saya a Maraɗi. Abin da na miƙa masa ya ɗauki na mai da na sandunan walda ya tura mini sauran.

“Riƙe ka sha nono. Ka gaya ma tsohonka Ba'are ya fanshe ka.”

Na fita daga ƙauyen, na yi tafiyar da ba za a hango ni ba, na tsaya na buɗe gaba da baya. Batir nawa ne. Jak yana nan, takardu suna nan. Na ji kunyar abin da na yi, amma sai da na gama dubawa.

Na isa Maraɗi ana saura ƙasa da awa guda a rufe ofis. Aka buga hatimi. Na sayi notuka biyu da tsohuwar taya ta zama safaya. Kwana biyu bayan haka na gama da shingen Jibiya, na jira har rana ta ɗaga motoci suka fara bin hanyar Zurmi, na bi bayansu.

Mun wuce Gurbin Ɓore da kaɗan, a wani wuri da daji ya matso titi ta kowane gefe, na hango wata ƙaramar mota fara a gefen hanya, ƙafarta ɗaya a sama. Wani mutum mai kimanin shekaruna, da farar hula, yana tsaye a bakin kwalta yana ɗaga hannu. A ɗaya hannun yana riƙe da wilsifana wadda bakinta ya karye, yana nuna ta ga duk motar da ta zo. Motoci biyun da ke gabana ba su rage gudu ba. Tawa wilsifanar tana but, lafiyayya, aikin bai fi minti goma ba. Na ɗaga ƙafa daga totur. Na ga fuskarsa sosai, har ya fara takowa. Na dubi dajin da ke bayansa. Na mayar da ƙafata.

Baffa Mande ya zagaya motar sau biyu a ƙofar gida, yana shafa jikinta da tafin hannu. Ya tsaya a wilin gaba inda wuta ta ɗan bar baƙi, ya tambaya. Na ba shi labarin Ba'aren, ya yi dariya har da tari, ya ce Arawa duk haka suke, ba su da kunya. Sannan na ba shi labarin mai farar hula. Dariyar ta tsaya.

“Nan wurin? Bayan Gurbin Ɓore?”

“Nan, Baffa.”

“Ka yi daidai. Da ka tsaya, da mi za ka ce muna?”

Kwana uku ina zuwa tashar Ƙaura ina tambayar direbobin hanyar Zurmi ko an tare wani a wurin ranar. Babu wanda ya ji an tare kowa. Wani ya ce ya ga farar motar da la'asar, tana nan ƙafarta a sama, amma bai ga mutum ba.